Dagi a Kan Dutse: Lissafin Masassaƙan Tsohuwar Ingila

Wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan dara a gindin darbejiya, ko a ƙauyukan Ringim ne ko na Gaya, ya san abin da ake fara yi kafin a ajiye ɗa ko ɗaya. Sai an share ƙasa da tafin hannu, a tona gurabe layi-layi, biyar ta nan shida ta can, tazararsu ɗaya. Idan gurbin farko ya karkace, gidan duka ya karkace. To da irin wannan gidan dara masassaƙan dutse na Ingila suke buɗe aikinsu shekara dubu da ɗari biyu zuwa uku da suka wuce, lokacin da suke zana igiyoyin nan masu shiga juna da fita, waɗanda Bahaushe yana ganinsu zai ce ai dagi ne. Maginin da ke yi wa ƙofar zaure ado, da mai ɗinkin babbar riga, da almajirin da ke zayyanar allon sauka, duk sun riga sun san rabin wannan karatun da hannunsu. Abin da ya rage shi ne yadda ake yin sa a jikin dutse, inda babu gogewa, babu warware zare a sake.

Mutanen da ake kira Angulo-Sakson sun ƙetaro ne daga arewacin Jamus da ƙasar Denmak a ƙarni na 5, kuma mutanen katako ne. Kalmarsu ta gini ma daga sunan katako ta fito. Aikin dutse ya shigo musu tare da addinin Kirista. A 674 wani mai suna Benedict Biscop ya kafa gidan ruhubanawa a Wearmouth, shekara na zagayowa ya ƙetara zuwa ƙasar da yau ake kira Faransa ya ɗauko magina da za su gina masa coci irin na Rumawa. Na biyunsa a Jarrow har yau dutsen da aka rubuta ranar buɗe shi yana nan, shekarar 685. A wannan zamanin wani babban malamin coci mai suna Wilfrid ya gina na Hexham, ya yi amfani da duwatsun da aka kwaso daga kangon Rumawa na kusa. Cikin ƙarni ɗaya 'ya'yan ƙasa suka karɓi sana'ar, suka ƙirƙiro abin da ya zama tambarinsu: dogon ginshiƙin dutse mai fuska huɗu, da gicciye a samansa, an cika kowace fuska da ado. Na Ruthwell, wanda yanzu ya faɗa cikin Sikotland, ya kai kusan mita 5.5. Na Bewcastle kansa ya ɓata, amma gangar jikin da ta rage mita 4.4 ce, dutse guda. Dukansu na wajajen ƙarni na 8 ne.

Kayan ibadar Kirista ne, kuma akwai siffofin mutane da dabbobi a jikinsu. Abin da ya shafe mu a nan adon ne da dabarar yin sa.

A fara da dutsen, don shi yake yanke hukuncin abin da hannu zai iya. A arewacin Ingila dutsen yashi suka samu, wato yashin da ya danƙare ya zama dutse. A tsakiyar ƙasar kuma akwai farin dutse dangin wanda ake siminti da shi, daga wurare irin su Barnack da Ancaster, mai laushin ƙwaya, mai karɓar siririn aiki. Shi ya sa adon cocin Breedon a Leicestershire yake da sirara da zurfi, tsuntsaye da mahaya a cikin layin da faɗinsa bai fi taƙi ɗaya ba, alhali a inda dutsen ke da gautsi da manyan ƙwayoyi sai ka ga igiyoyi masu kauri, ba don masassaƙin ya kasa ba, don in ya siranta su za su marmashe.

Duka nau'in biyu a kwance suka samu, hawa-hawa, kamar tabarmi da aka jibge. In kana son ginshiƙi mai mita huɗu, dole ka yanko shi bisa tsawon kwanciyar, sannan ka tayar da shi tsaye. Ka ga ke nan tabarmin nan sun koma a tsaye, bakinsu yana kallon sama. Ruwa ya shiga tsakaninsu, sanyin hunturu ya mayar da shi ƙanƙara, ƙanƙara ta kumbura, sai fuska guda ta ɓantare kamar ɓawon itace, da adonta da komai. Ginshiƙai da yawa haka suka rasa fuska ɗaya, sauran suna nan garau. Mu ba mu da ƙanƙara, amma zafin bazara da ruwan damina da gishirin ƙasa suna yin irin wannan ɓarnar a hankali. Saboda haka abin da za a ɗora a gini, kamar dutsen saman ƙofa, a kwantar da shi yadda Allah ya kwantar da shi a ramin da aka haƙo shi. Kafin a saya kuma a ƙwanƙwasa shi da guduma, yadda uwargida take ƙwanƙwasa tulu a kasuwa. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai zaƙi. Wanda ya ce "ɓub" yana da tsaga a ciki, ko da ido bai gan ta ba. Wani abu kuma, sabon haƙowa yana da danshin ƙasa a jikinsa, ya fi laushi, sai ya sha iska yake ƙara tauri. Manyan sara a yi su tun yana ɗanye. Nauyi ma abin lissafi ne: ginshiƙi mai tsawon mita 4, faɗi santimita 50, kauri 40, ya doshi tan 2, don haka yawancin aikin a kwance ake yin sa, ana juya shi da sanduna fuska bayan fuska.

A nan ne mutumin Jigawa zai ce ai dutse ba mu rasa ba. Gaskiya ne, amma na Dutse da Birnin Kudu da Rano irin na dutsen niƙa ne, mai cinye bakin ƙarfe. Cizal ɗin maƙeri ba zai fitar da igiya mai santimita biyu a jikinsa ba, sai dai a daddage shi da tsini kamar yadda ake sassabe maniƙa, ko a sa inji. Marmara kuma ramuka ne a cikinta, ana tsakiyar igiya sai a faɗa kogo. Mai son koyo ya zuba wa kansa allo: siminti kwano 1, yashi mai laushi da aka tankaɗe kwano 5 ko 6, a cikin akwatin katako, ya fara sara washegari ko jibi tun bai gama ƙanƙamewa ba. Garin fi'ofi da ake silin da shi ma yana yi, haka yumɓun da ya sha iska ya kai taurin sabulu.

Kayan aikinsu ba su da yawa, alamunsu suna nan a jikin duwatsun: ƙarfe mai tsini na ɓarar da dutse da huda rami, cizal mai faffaɗan baki na daidaitawa, abin huji mai juyawa, guduma, sai wani guntun dutse na gogewa. A ƙara da zare da ƙusa na zana da'ira, da miƙaƙƙen katako. Maƙerin gari zai iya fitar da duka daga tsohon sifirin mota. A nemi tsini ɗaya, cizal mai faɗin baki milimita 6, da 12, da 20. In baki yana lanƙwashewa, shan ruwansa bai kai ba. In yana ɓallewa, ya wuce kima. Ƙurar dutsen yashi tana lalata huhu a hankali, don haka a riƙa yayyafa ruwa, a rufe hanci, a sa gilashi a ido.

Yanzu ga lissafin. Kuskuren da kusan kowane sabon hannu yake yi shi ne ya ɗauki gawayi ya fara bin igiya, ya sa ta sama nan, ya sa ta ƙasa can, yana fatan za ta haɗu a ƙarshe. Ba ta haɗuwa. Masu binciken da suka auna waɗannan duwatsu, musamman Gwenda Adcock da ta yi aiki a kan na arewacin Ingila, sun nuna cewa an shimfiɗa su ne a kan gidaje masu awo ɗaya, kuma ramukan da ke tsakanin igiyoyi su ne ginshiƙin tsarin. A wasu duwatsun har yau ana ganin ɗigon tsini a ƙasan kowane rami, inda masassaƙin ya fara sa alama. Igiya ita ce abin da ya rage bayan an kwashe ramuka.

Ɗauki allo mai faɗin santimita 24, tsawo 30, kauri kada ya gaza 8. Bar santimita 3 a kowane gefe, wannan shi ne bakin da zai tsare adon. Ya rage 18 da 24. Raba shi gida-gida, kowane gida santimita 6: uku a faɗi, huɗu a tsawo, gida 12. Sa ɗigo a tsakiyar kowane gida. Sannan duk inda ɗigo huɗu suka kewaye wuri, sa wani ɗigon a tsakiyarsu da wani launi, za ka samu 6. Ramukanka ke nan, 18. Igiya ba ta taɓa hawa kan ɗigo. A karkace take tafiya tsakaninsu, kuma tana gicciye 'yar'uwarta daidai rabin tazarar ɗigo biyu na farko da ke maƙwabtaka, ko a kwance ko a tsaye. In ka ƙirga mahaɗun za ka samu 17. In ba 17 ba ne, tsaya, akwai inda ka tsallake. Da ta iso baki sai ta zagaye ɗigon gefe ta dawo ciki.

Da wannan awon, daga tsakiyar igiya zuwa tsakiyar ta kusa da ita santimita 4.2 ne. In ka ba igiya faɗin 2.5, rami ya samu 1.7, kuma wannan rabon yana da kyau a ido. In ka kai igiya 3.5 adon zai toshe ya zama kamar hanjin rago a kwano. In ka rage ta zuwa 1.5 za ta karye a mahaɗa. A inda take juyawa a baki a ja lanƙwasar ciki da rabin faɗinta, in ba haka ba za ta ci bakin allo.

Akwai abin da yake burge ni a nan, wanda kuma yake ceton mutum daga wahala. Tun kafin ka ja layi ɗaya za ka iya sanin igiya nawa za ka samu. Dubi yawan gidajen faɗi da na tsawo, ka nemi lamba mafi girma da take raba su duka biyu ba saura. Uku da huɗu, ɗaya ce kawai take raba su, don haka igiya ɗaya ce za ta zagaye allon kaf ta dawo inda ta tashi. Huɗu da shida, igiya biyu. Huɗu da huɗu, igiya huɗu, kowacce zobe ce mai zaman kanta. Gidan dara namu, biyar da shida, igiya ɗaya tak yake bayarwa. Mai shakka ya gwada da yatsa a ƙasa bayan an tashi daga wasa.

Abin da ka samu zuwa nan kitso ne kawai, irin saƙar tabarma. Dagi yana fitowa ne idan aka fara sa shinge. Zaɓi mahaɗa ɗaya ka ja ɗan gajeren layi a kanta, a tsaye ko a kwance, ka ce nan ba a wucewa. Igiyoyin biyu da za su gicciye juna sai kowacce ta lanƙwasa ta koma. Shinge a tsakiyar kowane layi na biyu yana ba ka jerin ƙulli masu kama da juna. Ka sauya wurinsa, wani ƙullin daban ya fito. Nau'o'in da masana suka jera da haruffa daga A zuwa F duk daga wurin ajiye shinge suka bambanta. Sai dai shinge yana canza yawan igiyoyi, don haka bayan kowanne a sake bi da yatsa. Ƙwararrun ƙarni na 8 suna gudun ƙaramin zobe da ya rufe kansa a tsakiyar ado. Na baya kuwa, a ƙarni na 10, sun mayar da zoben nan abin so.

Sama da ƙasa shi ne na ƙarshe a zane. Fara daga mahaɗa ɗaya, ka bi igiya: sama, ƙasa, sama, ƙasa, kana sa alama da jan alli a kan wadda ta hau. In tsarin daidai yake, ba za ka taɓa samun sama biyu a jere ba, lissafin da kansa yake rufewa. In ka samu, ba ƙaddara ba ce, ka tsallake mahaɗa. Kada ƙarfe ya taɓa dutse sai an gama wannan alamar kaf, don akwai duwatsun da suka shekara dubu suna nuna wa duniya inda mai su ya rikice, igiya ta hau sau biyu, ko ta shiga ƙarƙashin wata ba ta fito ba.

Sara kuma daga tsakiyar rami ake fara shi. Huda kowane ɗigo zuwa zurfi ɗaya, santimita 1 zuwa 1.5, a ɗaura ɗan tsumma a jikin abin hujin ya zama alamar iyaka. Sannan a faɗaɗa ramin zuwa layin igiya da ƙaramin cizal, ana barin kamar milimita 2 na gyara. Bangon rami ya ɗan jingina, ƙasan igiya ya fi samanta faɗi, don ta samu gindin zama. Cizal a karkace ake riƙe shi, kusan rabin tsaye. In ka kafa shi tsaye cak ka doka, dutsen yana ƙujewa a ciki, ya bar farin tabo da zai ɓare bayan shekaru. Kuma kullum daga baki ake sara zuwa cikin nama. Ka doka kana fuskantar baki, kusurwa ta tashi, ba kuwa mai mayar da ita. A mahaɗa ba a yanke igiyar ƙasa. Ana dai gangarar da ita milimita 3 ko 4 yayin da take dosar ta sama, daga nisan kamar faɗinta, sai inuwa ta ƙarasa aikin. Wanda ya tona wurin da zurfi zai ga adonsa ya koma guntayen tsiran nama da aka jera.

Daga nan hannu yake bambanta. Mafi sauƙi shi ne a ja tsagi kawai a gefen igiya a bar fuskar a shafe. Na gaba a zurfafa ramuka a ɗan kashe kaifin gefe. Na ƙwararru a mulmule igiyar ta zama kamar tufkakkiyar rama da aka ɗora a kan dutse. Wasu kuma suna jan siririn layi a tsakiyarta ta fito kamar biyu. Wannan layin a ƙarshe ake jan sa, kuma yana tsayawa a bakin kowace mahaɗa ga igiyar da ta nutse.

Ginshiƙi yana da wata matsalar da allo ba shi da ita: yana sirancewa yana hawa. In ka auna gida santimita 6 a ƙasa ka tafi da shi har sama, layin gefe zai fita daga dutsen. Maganin shi ne a kowane hawa a sake raba faɗin wurin kashi daidai da yawan gidajen, a haɗa ɗigon da miƙaƙƙen katako, tsayin gida ma ya riƙa raguwa tare da faɗinsa. Masassaƙin ginshiƙin Bewcastle ya raba fuskokinsa ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da awonsa: nan dagi, can kuranga, a fuskar arewa ɗaki guda cike da ƙananan murabba'ai, ɗaya a tone ɗaya a tsaye, a ta kudu har da agogon rana. Murabba'an nan da ake rainawa sun fi dagi tona asirin mai rawar hannu, don ido yana kama karkatar layi nan take.

Ado na biyu da suka ƙware a kai shi ne kurangar inabi. Ma'anarsa a wurinsu daga Linjilar Yohanna sura 15 take, siffarsa kuma daga ƙasashen bakin Bahar Rum ta zo musu. Gininsa da'ira ne. A fili mai faɗin santimita 20, jera da'irori masu faɗin 16 a kan layin tsakiya, suna kusan taɓa juna. Uwar kuranga tana bin gefen ta farko ta dama, ta biyu ta hagu, kamar tafiyar maciji. A duk inda ta juya sai reshe ya fita ya naɗe cikin da'irar, ya ƙare da nonon inabi ko ganye. Wurin fitar reshen ana yi masa gaɓa, 'yan ƙulle-ƙulle biyu ko uku kamar gaɓar kara, kuma ita ce take ɓoye wurin da layi biyu suka rabu. Dokar da ba a karyawa: reshe ya fi uwa siranta, kuma ya ci gaba da sirancewa har bakinsa. In kaurinsu ɗaya, kuranga ta mutu, ta zama waya. A ƙananan fuskokin Ruthwell da fuskar gabas ta Bewcastle an zaunar da tsuntsaye da 'yan dabbobi a cikin naɗin suna cin 'ya'yan, wutsiyar wasu tana narkewa cikin reshe. A ginshiƙin Hexham da ake dangantawa da Bishop Acca kuwa babu dabba ko ɗaya, kurangogi biyu ne suke saƙa juna, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da bangon masallaci ko ƙofar gida a nan. Da zamani ya yi nisa, masu kwaikwayon kwaikwayo suka zubar da ganye da 'ya'ya, ya rage naɗi tsirara kamar katantanwa.

Mayaƙan Baikin daga ƙasashen Sikandinebiya sun kai hari Lindisfarne a 793, suka ci birnin York a 866. Sassaƙar ba ta tsaya ba, masu biyan kuɗinta ne suka sauya, daga gidajen ruhubanawa zuwa masu gari da ke son a san kabarinsu. Aiki ya yawaita, zurfinsa ya ragu. Wani mai bincike, Richard Bailey, ya nuna cewa wasu masassaƙan wannan zamanin suna da samfurin lanƙwasa da suke ɗorawa su zana, har ana iya gane duwatsun da suka fito daga hannu ɗaya a garuruwa daban-daban, kamar yadda ake gane ɗinkin tela ɗaya a rigunan mutane. Amma kada a ce duk koma baya ne. Ginshiƙin Gosforth a Cumbria, na farkon ƙarni na 10, mita 4.4 ne na jan dutsen yashi, siriri, ƙasansa a mulmule kamar gangar itace, samansa mai kusurwa huɗu, an lulluɓe shi da sarƙar zobba masu cin juna, ga labaran gumakan Baikin na da a jikinsa tare da gicciye. A Brompton kuma akwai duwatsun kabari masu siffar dogon ɗaki mai ƙusumbi, an sassaƙa musu fale-falen rufi, dabba tana rungume da kowane ƙarshe.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne launi. Duwatsun da muke gani toka-toka a yau fentinsu ne ya wanke. A 2003 aka tono gutsure uku na wani allon farin dutse a ƙarƙashin daɓen babban cocin Lichfield, siffar mala'ika ce mai tsawon kusan santimita 60, ta wajajen shekarar 800, da launinta a jiki: ja, rawaya, fari da baƙi. A Deerhurst ma kawunan dabbobin da ke cikin coci suna da sauran ja da rawaya. Kayan ba baƙi ba ne a wurinmu: jar ƙasa, ƙasa mai rawaya, farar ƙasa, baƙin gawayi. Wannan yana bayyana abu biyu. Wasu wuraren da aka bari a shafe ba mantuwa ba ce, fenti ne ya cike su. Kuma in allonka yana da igiya biyu, ba kowacce launinta, ka duhunta ramuka, tsarin zai karantu daga ƙetaren titi. A kan siminti dai a jira ya bushe sosai, mako uku zuwa huɗu, in ba haka ba gishirinsa zai turo fentin waje.

Saura haɗi da gyara. Dogon aiki ba koyaushe yake dutse ɗaya ba. Na Ruthwell biyu ne aka ɗora, na Bewcastle yana da gurbi a samansa inda kan yake zama, gindi kuma yana shiga ramin da aka sassaƙa a wani faffaɗan dutse. Na Easby, wanda gutsurensa ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, an taɓa gyara shi da narkakkiyar dalma tun a zamanin da. Yawancinsu hannun mutum ne ya fara karya su. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066 magina suka riƙa fasa su suna cusawa a bangon sababbin coci. Na Ruthwell an kayar da shi a 1642 bisa umarnin majalisar cocin Sikotland, Henry Duncan ya sake harhaɗa shi a 1823, aka shigar da shi cikin gini a 1887. Na Sandbach guda biyu an tattaro gutsurensu aka mayar da su kasuwar garin a 1816. Da yawan abin da aka sani a yau ya fito ne daga aikin rajistar waɗannan duwatsu da Rosemary Cramp ta jagoranta daga jami'ar Durham, wanda kashinsa na farko ya fito a 1984.

Gyaran da aka yi wa irin waɗannan duwatsu a ƙarnonin baya-bayan nan ya bar darasi biyu da suka shafi kowane magini. Baƙin ƙarfe da aka cusa don riƙe gutsure biyu yana tsatsa, tsatsa tana kumbura ninkin ƙarfen, sai ta tsaga dutsen daga ciki, daidai yadda rodi yake fasa dakalin da ruwa ke kwanciya a kai. In dole sai ƙarfe, a sa wanda ba ya tsatsa, ko a kewaye shi da dalma. Na biyu, siminti mai ƙarfi a kan dutse mai laushi. Ruwa ba ya iya fita ta cikinsa, sai ya bi ta gefe, dutsen ya zaizaye ya bar facin a tsaye. Shi ne abin da ke faruwa da katangar ƙasa da aka yi wa shafen siminti: shekara uku tana kyau, ta huɗu ka ƙwanƙwasa ka ji kogo, damina ɗaya shafen ya zube da rabin bangon. Abin cike tsaga ya zama ya fi dutsen laushi. Farar ƙasar gini kashi 1 da yashi kashi 3 ya isa, a jiƙa wurin kafin a cusa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana uku zuwa huɗu don kada iskar hunturu ta busar da shi kafin ya kama.